Kukan da Bilkisu ta yi a gindin rumbu

Agadas, 8 ga Yuli

Zuwa ga Gwaggo Tani, gidan Malam Illo, Madarunfa.

Assalamu alaikum. Gwaggo, ina gaishe ki gaisuwar ɗiya ga uwa. Ina fatan kina lafiya, Malam yana lafiya, ciwon gwiwar nan kuma ya yi sauƙi. Yaya damina? An ce ruwa ya sauka wajenku da wuri bana. Mu nan lafiya lau. Aikin gidan abincin yana nan yadda kika sani, a tsaye daga safe har la'asar. Autata Jamila ta yi zazzaɓi kwana uku, ta warke, har ta koma ƙiriniyarta. Jiya Jamila ta zuba mini gishiri cikin shayi, wai magani ne. A gaida mutanen gida duka.

Gwaggo, akwai maganar da ta hana ni sukuni, kuma ba ta waya ba ce, tunda salular gidanku ta Malam ce, a zaure ake amsa ta gaban baƙi.

Shekaranjiya muna yankan albasa wata abokiyar aikina ta miƙo mini salularta, ta ce ga wani ɗan gajeren fim da ake ta turawa, wai a ƙasarmu aka yi shi, labarin wata mata mai azabtar da 'yar riƙo. Na duba. Na ga ƙofar kwano mai tsatsa daga ƙasa. Na ga itacen bedin tsakar gida, na ga rumbun Malam. Sai ga wata mace ta ba mu baya, ta yafa mayafi ruwan toka mai ɗigon fari a baki. Mayafin da na aiko miki ne ta hannun Ado direba da ƙaramar Sallah. Ni na zaɓe shi, na san inda zare ya ja a gefensa.

A hannunta igiyar akuya. A gabanta yarinyar da ke wurinki.

Na san fim wasa ne, ni ba yarinya ba ce. Amma akwai wuri guda, bayan an gama dukan, da aka nuna ta zaune a gindin rumbu ita kaɗai tana kuka. Na maimaita wurin sau bakwai, har mai salular ta ce cajinta zai ƙare. Kukan wasa da baki ake yinsa. Wannan kafaɗunta ne ke rawa, tana haɗiye shi, tana murza babban yatsan ƙafarta cikin ƙasa, yadda ubanta, Allah ya jiƙansa, yake yi in abu ya ci masa rai. Ba a koya wa 'yar shekara goma wannan cikin kwana biyu.

Ke kika karɓe ta ran da aka yaye ta. Ko lokacin da nake gari ɗaya da ku ban taɓa leƙa yadda kike riƙonta ba, balle shekara biyar ɗin nan da nake nan. Duk da dangantakarmu ta kakanni ce, ke na zaɓa na bar na kusa. Shi ya sa nake tambaya a fili. Wa ya ba da izinin sa ta a fim? Me ya sa ban ji daga gare ki ba, alhali takardarki ta watan jiya har labarin kazar da shaho ya ɗauka yana ciki? Wace ce macen nan? In ba ke ba ce, me mayafinki yake yi a jikinta?

Ba zargi nake ba. Ina son in sani ne. Ado zai juyo da gero cikin sati biyu, ki ba shi amsa.

Ɗiyarki,
Rashida

*

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.
Madarunfa, 18 ga watan Muharram

Ɗiyata Rashida,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, Ado ya kawo ta har zaure. Mun gode Allah da sauƙin Jamila, Allah ya ƙara mata lafiya ya rage ƙiriniya. Malam yana amsawa. Gwiwa da sauƙi, sai in zan tashi daga sujada take tuna mini tana nan. Tabki ya cika har ya taɓa gonar Malam ta ƙasa, gero kuwa ya rufe ƙasa. Bilkisu lafiyarta lau, ta wuce aji na biyar a lakwal, makarantar bokon nan, allonta ma yana tafiya. Ki yi haƙuri da rubutun. Hannuna da alƙalamin kara ya saba, bokon nan da girmana na koye shi.

Zan amsa miki ɗaya bayan ɗaya yadda kika jero.

Sati biyu bayan ƙaramar Sallah mushe Faruk, malamin ajin su Bilkisu, ya zo da wasu samari huɗu daga Maradi da mace ɗaya. Suka ce fim za su yi na gargaɗi, don mutane su ji tsoron Allah a kan 'ya'yan riƙo. Sun zaga gidaje, suka zaɓi namu saboda rumbu da inuwar bedi, suka zaɓi Bilkisu saboda mushe ya ce ita ce ba ta manta abin da aka faɗa mata. Malam ya ce in dai gargaɗi ne, ba rawa ba waƙa, a yi. Ni na yi shiru, shirun nan kuwa izini ne, ba zan ɗora wa Malam shi kaɗai ba. Ya kamata a tambaye ki. Ba a tambaye ki ba. Wannan na amsa shi.

Macen sunanta Zahara'u. Ta zo da leshi mai walƙiya da dogayen farce. Shugabansu ya dube ta ya ce, "Wa zai yarda wannan ta taɓa riƙe taɓarya?" Suka roƙi aron mayafi. Na duba adakata, naki ne mafi tsabta, na ji kunyar ba baƙuwa tsoho. Ban yi tunanin zai yi tafiya har Agadas ya same ki ba.

Matar nan da kika gani da igiya, akuya take tsoro. Tana ɗaga hannu sai ta tsaya ta ce, "Hajiya, don Allah ki riƙe dabbar nan, kallona take." Bilkisu ta yi ta dariya har sai da aka sake ɗauka sau uku, shugaban yana cewa, "Ke 'yar nan, dukanki ake, ba biki ba." Igiyar a kan buhun dusa take sauka, an ajiye shi inda kamara ba ta gani. Shatar da kika gani a bayanta jan-baki ne da toka. Ni na wanke mata da hannuna kafin sallar la'asar.

Da suka gama haɗa shi mushe ya kawo mana muka gani, matan unguwa suka cika tsakar gida. Ban ji daɗinsa ba, in gaya miki gaskiya. Sun yi matar kamar ba mutum ba. Ido jajur, murya kamar ta mai koran shanu, ba ta sallah, ba ta dariya, tuwo ma a ƙasa take jefa wa yarinya. Kowace mace sai cewa take, "Allah ya raba mu da irin wannan." Har wadda na san ɗanta ba ya iya haɗa ido da ita, ita ce ta fi kowa tsaki. Kowa ya tashi yana ganin kansa wankakke. Na ce a raina, da kullum da igiya cutar yaro take zuwa, da an huta, don tun daga ƙofa za a gane ta.

Maganar kukan gindin rumbu kuwa, idonki bai ruɗe ki ba. Sun zo da mantalita za su shafa mata a ƙasan ido, ta ce a bari. Ban doke ta ba, ba ranar ba, ba wata rana ba, Allah ne shaida. Amma ba zan ce miki hannuna wanke yake ba. Ina da nawa laifin a kan yarinyar nan, ba irin wanda kike zato ba, kuma ba na jin takarda za ta ɗauke shi. In Allah ya kawo ki da kaka, mu zauna.

Mayafin na wanke shi na ninke. Ban ƙara yafa shi ba.

Allah ya tsare ki, ya sa albarka a nemanki.

Gwaggonki,
Tani

*

Agadas, 2 ga Satumba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya, Jamila tana gaishe ku. A gaida Malam da mutanen gida.

Takardarki sati biyar ta yi a hanya. Ruwa ya yanke hanya, kamiyon Ado, babbar motar nan tasa, ya zauna, takardar tana cikin aljihunsa. Sati biyar ina jira. Sau biyu na kira salular Malam, sau biyun kina ce mini lafiya lau, lafiya lau, sai ki miƙa masa.

Na karanta maganar akuya da buhun dusa, ban yi dariya ba. Shafi biyu kika cika da abin da ban damu da shi ba, abin da na tambaya kuwa layi huɗu kika ba shi, cikin huɗun kika ce kina da laifi, kika rufe. Gwaggo, wane laifi ne takarda ba za ta ɗauka ba? Takarda ta ɗauki mutuwar mijina ta kai wa danginsa.

Kin ce a buhu igiyar ta sauka. Na yarda, ranar fim. Sauran ranakun fa? Cikin yaran ajin nan duka, me ya sa ita ce ba ta buƙaci mantalita ba? Kin ce ba kullum da igiya ake cutar yaro ba. Na karanta layin nan har na haddace shi. Kamar wadda ta san ɗaya hanyar kika rubuta shi.

Na tsare Ado na tambaye shi. Ya yi ta kewaye-kewaye, wai shi direba ne ba alƙali ba. Da na matsa masa ya ce, "To, abin da na gani dai shi zan faɗa. Da can kafin in kashe mota ta iso a guje, Baba Ado kawo takarda, Baba Ado kawo takarda, har sai na ce ta bari in sauko. Tun bayan Sallah ban ƙara ganinta a bakin hanya ba. Ran nan na same ta a ƙofar gida na miƙa mata, ta sa hannuwa a baya ta ce in kai wa Gwaggo da kaina." Ya ce ta rame kaɗan, ko tsawo ne ta yi, bai sani ba.

Yarinyar da take gudun takardar uwarta, wani ne ya tsorata ta.

Ba zan iya kawo ta nan ba, ɗaki ɗaya muke mu uku da yaranmu. Na yi magana da Ashiru, ƙanin ubanta, a Gabi. Zai zo da matarsa Maryam su gan ta da idonsu. Lahadin ƙarshen watan nan kuma, kafin a buɗe lakwal, zai dawo ya tafi da ita. Ki haɗa mata kayanta da takardunta na makaranta.

Na san abin da wannan zai yi miki, na san ita kaɗai ce a ɗakinki. Ban manta shekara takwas ba. In na yi miki zaton da ba haka ba, Allah ya yafe mini, ke ma ki yafe. Amma gara in nemi gafararki da in nemi tata.

Rashida

*

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.
Madarunfa, 14 ga watan Mauludi

Ɗiyata Rashida,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, mun ga Mauludi lafiya, baƙi sun cika bakin tabki kamar kowace shekara. An fara karyar gero a gonakin tudu. Malam yana gaishe ki. Ki shafa mini kan Jamila.

Ashiru ya zo ranar Alhamis a kan moto, da Maryam a baya. Ban ji haushinsu ba, aike aka yi su. Maryam ta zo da wata riga ta ce za ta gwada wa Bilkisu a ɗaki. Rigar ko 'yar shekara shida ba za ta shiga ba. Bilkisu ta dube ta ta ce, "Inna Maryam, in bayana za ki duba, ki duba, ba sai da riga ba." Ta duba. Ba ta ga komai ba sai tabon lamba a dantse. Ashiru ya ci kifi kansa a sunkuye, ya ce zai dawo ranar da kika sa.

Ba ke kaɗai mayafin ya ruɗa ba. Fim ɗin ya zaga garin nan a salula, waɗanda ba su ga ranar da aka yi shi ba suna ganin baya da mayafi kawai. Yara in na wuce sai in ji ana cewa Gwaggo mai igiya. Maƙwabciyata Ɗelu, da ita aka riƙe akuyar, amma ran nan a bakin rijiya ta ce mini, "Su masu fim ai ba sa zaɓen gida haka kawai." Na ja gugana na tafi. Ban faɗa miki don ki tausaya mini ba. Na faɗa don ki san ban ga laifinki ba da kika yi zato.

Kin yi gaskiya, na rufe magana inda ya kamata in buɗe. Kunya biyu ce ta riƙe ni, tawa da taki. Yanzu ga ta.

Tun da kika tafi, duk ran da Ado ya kawo takarda Bilkisu takan zauna a gabana in karanta. Ran farko, tana 'yar shekara biyar, na kai ƙarshe, na karanta a gaida mutanen gida. Ta ce, "Ni fa?" Na dubi takardar, na dube ta. Sai na sa yatsa a kan wani layi na ce, "Ga shi nan, ta ce a gaida Bilkisu da kyau, ta ce ki riƙa cin tuwo." Ta tashi tana tsalle. Daga ranar kowace takarda sai na ƙara. Wani lokaci in ce kin yi mafarkinta. Wani lokaci in ce kin tambayi haƙorinta da ya fita. Shekara biyar ina yi. Ni da ban yarda in ce wa mai sallama Malam ba ya nan alhali yana ciki.

Na manta cewa lakwal aikinta take yi. Cikin azumin bana na aike ta adaka ta ɗauko mini zare. Takardunki duka suna cikin wata kwalla a ƙasan adakar. Ta daɗe ba ta fito ba. Bayan kwana biyu na buɗe kwallar na tarar an jera su daga ta farko zuwa ta ƙarshe, ba yadda nake tura su ba. Ba ta ce komai ba, ni ma tsoro ya hana ni cewa.

Sai ranar fim. Da ta ƙi mantalita, shugaban ya ce, "To ki tuno abin da ya fi ba ki haushi a duniya." Ta zauna gindin rumbu. Abin da kika gani ke nan. Abin da ba ki gani ba shi ne, shugaban ya ce ya isa, ba ta daina ba. Suka tafa mata. Suka ce yarinyar nan 'yar baiwa ce, Zahara'u ta ba ta alawa, suka naɗe wayoyinsu suka shiga mota. Mutum biyar sun zo tun daga Maradi don su nuna wa duniya kukan yaro, ba wanda ya durƙusa ya tambaye ta na mene ne.

Washegari da hantsi ina wanke-wanke ta fito da kwallar ta ajiye a gabana. Ta ce, "Gwaggo, nuna mini layin."

Na ce wane layi.

Ta ce, "Inda ta ce tana gaishe ni. Ko guda." Ta ce ta ƙirga sunan Jamila, ɗari da goma sha huɗu. Ta ce har sunan Baba Ado yana ciki.

Na share hannuna na zaunar da ita. Na ce mata ke 'yar fari ce, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna shi gaban mutane, kunya ce, haka muka tarar, ba ƙi ba ne. Ta ce ta sani, ƙawarta Hadiza ma 'yar fari ce, uwarta "ke" take ce mata. Sai ta ce, "Amma ita tana yi mata kitso."

Na dubi kwallar. Ta ce, "To ke me ya sa kika ce ta ce?"

Ba wanda ya tsorata ta da takardarki, Rashida. Ta daina zuwa karɓa ne don ta san abin da ke ciki. Ran da mushe ya kawo fim ɗin, ba dukan ta tsaya kallo ba. Ƙarshe ta jira, inda aka jera sunaye, ta roƙe shi ya tsayar, ta daɗe tana duban nata.

Na tambayi Malam hukuncin abin da na yi. Ya ce akwai sauƙi ga wanda ya faɗi abin da ba a faɗa ba don ya gyara tsakanin mutane. Na ce masa ai ban gyara ba. Da na bar ta da tambayarta tun tana ƙarama, da ta saba, ko da na rubuto miki tun lokacin. Na bar ta ta jingina da abin da babu. Yanzu ko ruwa na ce mata ya tafasa sai ta leƙa tukunyar.

Ke ma 'yar fari ce. Na san marigayiya uwarki har ta koma ga Allah ba ta kira sunanki ba, kuma ba ki taɓa shakkar tana sonki ba. Amma ke a gabanta kika girma, kina ganin wa take ajiye wa tsakiyar kifi. Bilkisu takarda kaɗai gare ta. Ban ce ki karya kunyarki ba. Ban isa ba, ni da Allah bai ba haihuwa ba, ban san nauyinta ba.

Kayanta na wanke na ninke, takardun lakwal suna cikin leda. Ɗiyarki ce, ba zan tsaya a ƙofa ba. Abu biyu nake roƙo. A bar ta ta tafi da allonta, kada karatun ya tsaya. Kuma ki gaya wa Maryam, in takardarki ta zo Gabi, ta karanta abin da ke ciki kawai.

Ado gobe zai tashi. Ban sani ba ko wannan za ta riga Lahadin.

Ki yafe mini.

Gwaggonki,
Tani

*

Agadas, 24 ga Satumba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam. Muna lafiya.

Takardar ta iso jiya. Ina gama karantawa na fita bayan gidan abincin na kira Ashiru na ce kada ya zo. Ya ce alhamdu lillahi, dama tun ranar kifin nan bai san da wace fuska zai ƙara shiga zauren Malam ba. Ki warware kayan.

Na sa an tuɓe ɗiyar da kika riƙe a ɗakinki don a nemi shaida a kanki. Ban san yadda ake neman gafarar wannan a takarda ba. Sai na zo na durƙusa.

Abin da kika riƙa ƙarawa kuwa, har yanzu ban san ko fushi zan yi ko godiya ba. Da kin gaya mini tun shekarar farko. Amma na tambayi kaina ko da zan ji, ban tabbata ba. Da na ce Gwaggo ta cika tausayi, ai haka aka yi mana mu ma.

Ki gaya wa mushe Faruk ba na son a ƙara sa ta gaban kamara. Mayafin kuma ki fito da shi ki yafa, ki bi ta ƙofar Ɗelu.

Akwai wata 'yar takarda a ninke cikin wannan. Uku na yaga kafin ta. Hannuna yana kaiwa wurin sunan sai ya tsaya, kamar uwata tana bayana tana kallo. Kada Malam ya gani, kada a ji a unguwa, za a ce Agadas ta cinye mini kunya. Ki ba ta a hannunta. Kada ki karanta mata, kada ki ƙara komai.

Ɗiyarki,
Rashida

*

Bilkisu,

Ni ce uwarki. Ina gaishe ki da kyau. Ga layin nan, ki duba shi, rubutuna ne, ba Gwaggo ce ta sa ba.

Sunan nan ni na roƙi ubanki a raɗa miki shi. Tun ranar suna ban ƙara faɗinsa gaban mutum ba. Ina faɗinsa in ina wanke tukwane ni kaɗai, amma wannan ba ki da hanyar sani.

Abin da Gwaggo ta riƙa gaya miki ba ni na rubuta ba. Maganar mafarkin dai gaskiya ce, ban san yadda aka yi ta sani ba. Kada ki riƙe ta a zuciya. Ki zauna wurinta, ki yi karatunki, in Baba Ado ya tsaya ki je ki karɓi takarda.

In an gama kaka zan zo. Zan yi miki kitso, ko da yake hannuna yana da zafi, ƙanwarki kullum sai ta yi kuka. In na zo kika ji na ce miki "ke" gaban mutane, kada ki ji haushi, bakina bai koya ba tukuna. Hannun ne ya fara.

Bilkisu. Ga shi na sake.

Uwarki